Ƙunshin Dada a Ɗakin Kwastan

Likitan ido bai ɓoye mana komai ba. Idon Dada na dama ya riga ya mutu, na hagu ne ya rage, shi ma jini ya hau masa, kuma maganin da ake samu a kantunan Jalingo ya daina riƙe shi. Ya ce akwai wani sabon maganin ɗigawa a Turai. In an samo shi da wuri, ganin da ya rage zai tsaya inda yake. In an makara, abin da ya tafi ba ya dawowa.

Dada mahaifiyata ce. Haka muke kiranta, kamar yadda rabin 'ya'yan Fulanin garin nan ke kiran iyayensu mata. A ranar na rubuta wa yayana Sirajuddeen, ɗanta na fari, wanda ke karatun likitan dabbobi a Jamus. Ya amsa cewa ya sayi kwalba shida ya aiko ta gidan waya.

Sai ƙarshen Maris na shekarar casa'in da bakwai wani masinja ya kawo mana 'yar takarda gida a Kachalla Sembe. Ƙunshi ya iso daga ƙasar waje, yana hannun kwastan, a zo. Na duba kwanan watan da aka buga a kai. Sati biyu takardar ta yi kafin ta tako tafiyar da ba ta kai ta minti ashirin ba.

Washegari na roƙi wata malama ta riƙe mini aji, na tafi gidan waya. Matar da ke kan kantar karɓar kaya, Madam Judith, ta karɓi takardar ta juya ta, ta miƙo mini.

"Malama, kayan waje ba mu ke buɗewa ba. Mai kwastan ne. Alhamis Alhamis yake zuwa daga Yola."

"Magani ne a ciki. Maganin ido."

"Ko maganin mutuwa ne, 'yar'uwa, makulli na aljihunsa."

Ta nuna mini ɗakin da leɓe. Wani ɗan sito ne a bayan gini, rufin kwano, ba taga. Rana ta bazara tana dukansa tun safe.

Alhamis ta farko bai zo ba. An ce babu mai a mota. Mu tara ne a kan benci, har da wani fasto mai jiran littattafai da wani dattijo da ɗansa ya aiko wa takalmi. Da azahar Madam Judith ta leƙo ta ce kowa ya tafi. Suka miƙe suna karkaɗe riga, suna cewa Allah ya kai mu ta sama, kamar an sallame su daga biki. Babu wanda ya tambayi dalili. Ni kaɗai na ɗaga murya, na ce a ba ni sunan babban wurin. Dattijon ya dube ni da tausayi.

"'Yata, ki sha ruwa."

Abin da ya fi cin raina ke nan a garin nan. Za a zaunar da mutum wuni guda a banza, ya tashi yana godiya, wanda ya yi magana kuma a ce ya sha ruwa.

Alhamis ta biyu ya zo. Manasseh sunansa, gajeren mutum mai furfura a gefen kai, kakinsa ya koɗe a kafaɗa. Ya fito da ƙunshin ya ajiye a tebur. Na gane rubutun yayana tun daga ƙofa. Na miƙa masa takardar likita da katin asibitin Dada. Ya duba katin, ya duba ƙunshin, ya sake duba katin.

"Wannan kati ya ce Dudu Njidda."

"Ita ce. Mahaifiyata."

"Wannan kaya ya ce Dada."

Ya juyo mini da shi. A jiki an rubuta: Dada, gidan marigayi Malam Abbo, Kachalla Sembe, Jalingo. Shi ke nan. Mutumin da ke yanka doki ya ɗinke a jami'ar Jamus, hannunsa ya kasa rubuta sunan uwarsa a bayan kwali, don kunya.

"Yallaɓai, Dada ba suna ba ne, uwa ke nan. Ɗanta ne ya aiko, Sirajuddeen Abbo. Ga shi nan a baya, duba."

"Na sani, Malama. A nan aka haife ni. Amma ki tsaya a Kasuwar Jalingo ki ce Dada, mata nawa za su juyo? Magani ne wannan. Doka ya ce magani sai hannun mai shi. In na ba ki, gobe wani Dada ya zo, me zan ce?"

"Wace Dada za ta zo neman maganin idon wata?"

"Ba ki san aikin nan ba."

Ya ce hanya biyu ce. Ko a kawo takardar rantsuwa daga kotu cewa Dada ita ce Dudu Njidda, ko mai kayan ta zo da kanta, ta faɗa masa sunan wanda ya aiko da bakinta, ya rubuta a littafi cewa ya tantance. Ma'aikatan kotu suna yajin aiki a lokacin. Na ce zan kawo ta. Na roƙe shi ko ya bar ƙunshin a ofis inda akwai fanka. Ya ce kayan da ba a sallama ba, ɗakinsu ɗaya ne. Ina kallo ya mayar da shi cikin zafin nan ya datse kwaɗo.

A gida na tarar da Dada tana tsince shinkafa a faranti, ta kawo shi dab da hancinta. Na gaya mata.

"In je ina?"

"Gidan waya, Dada. Minti biyar ne. Ki ce ga wanda ya aiko, a ba mu."

"In tashi da tsufana in je gaban maza ina bin kayan na Sunkani?"

Haka take kiransa. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarmu a Sunkani, yadda ake yi da ɗan fari, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ya zo hutu ya gaishe ta, gefe take kallo ta amsa. In ya yi rashin lafiya, ni take aikowa da kunu ta ce in ce ni na dama.

"Idonki ne fa, Dada."

"Idona na hannun Allah."

"Maganin kuma yana hannun Manasseh!"

"Ruwaida, ki rage murya. Bokon nan bai koya miki komai ba sai tsawa."

Na yi magana har na gaji. Na ce mata kunya ba ta karanta Alƙur'ani, ba ta zare tsakuwa daga shinkafa. Ta ci gaba da tsince-tsincenta. Alhamis ta uku ta wuce muna gida, ina zaune a ƙofar ɗaki da takalmi a ƙafa, ita tana ciki ta ba ni baya.

Ranar Asabar maƙwabciyarmu Mary ta shigo karɓar turmi. Shekara ashirin suna katanga ɗaya. Ta tsaya a gefen hagun Dada, taku uku tsakaninsu, tana murmushi tana jira a gan ta. Dada ta ci gaba da jan carbi. Sai da Mary ta ce, "Dada, yau fushi ake da ni?" sannan ta zabura ta juyo da dukan fuskarta.

Bayan Mary ta fita, Dada ta ajiye carbin. Can ta ce, "Mutumin nan naku, wace rana kika ce yake zuwa?"

Alhamis ta huɗu ta faɗo a hutun Babbar Sallah. Ofis a rufe.

Ta biyar muka je. Dada ta sa mayafinta na zuwa gaisuwa, ta riƙe gefen zanena. Madam Judith ta ba ta kujerarta. Da aka kira mu, Manasseh ya miƙe tsaye ya cire hula.

"Sannu, Mama. An wahalar da ke."

"Ba komai. Ya aiki? Ya iyali?"

"Lafiya, Mama." Ya buɗe littafi, ya cire murfin biro. "Tambaya ɗaya ne. Wa ya aiko miki da kaya?"

"Na Sunkani ne."

"Daga Jamus ya fito, Mama."

"Eh. Can yake yanzu."

"Sunansa?"

Dada ta dubi ƙasa. Fanka tana juyawa a sama tana ƙara kamar za ta faɗo. Na sunkuya kusa da kunnenta.

"Dada, sau ɗaya. Babu wanda zai ji. Ni ma zan fita in kin so."

Leɓenta ya motsa. Na rantse ta gwada. Hannunta ya matse gefen kujera. Abin da ya fito shi ne, "Yayan wannan ne."

"Sirajuddeen!" na ce da ƙarfi. "Sunan da ku kuka raɗa masa! Mene ne a ciki?"

"Malama," in ji Manasseh, "ba ke na tambaya ba. Koma can ki tsaya."

Na koma jikin bango. Na riga na ga Alhamis ta shida, da ta bakwai, da ranar da za a buga wa kwalin hatimi a mayar da shi inda ya fito.

Manasseh ya ajiye biro ya murza idanunsa. Ya jawo littafin kusa, ya sa yatsa a kan jerin sunayen masu aiko da kaya.

"Mama, ba sai kin yi magana ba. Ni zan karanta. Ke dai ki zauna."

Ya fara a hankali. Joseph wane, daga Ingila. Dada tana kallonsa. Suhail wane, daga Jidda. Tana kallonsa. Tobiya wane, daga Amurka. Ya karanta wasu biyu. Sannan, da murya ɗaya ba canji, ya ce, "Sirajuddeen Abbo."

Dada ta kawar da fuska zuwa bango, ta ja mayafi ta rufe bakinta.

Manasseh ya ɗauki biro ya yi rubutu. "Na tantance," ya ce. "Kawo babban yatsa, Mama."

Madam Judith ta yi dariya daga bakin ƙofa, ta ce wallahi Oga ya iya aiki. Ni ban yi dariya ba. Da ya san zai iya haka, da ni na san za a iya haka, da wani a cikinmu ya yi tunanin minti ɗaya tun sati uku da suka wuce. Na sa hannu a inda ya nuna. Ya yanka igiya, ya buɗe kwalin a gabanmu. Kwalabe shida ƙanana, an naɗe su cikin rigar sanyi. Na ɗauki ɗaya. Da ɗumi, kamar an ciro ta daga aljihu. A jikin takardar da ke ciki an rubuta a ajiye a wuri mai sanyi.

Daga nan asibiti muka wuce. Likita ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken taga, ya tambayi kwana nawa ta yi a ɗakin. Na gaya masa. Ya ce wataƙila ƙarfinsa ya ragu, wataƙila da saura, babu yadda zai sani, kuma babu wani a garin, don haka a ɗiga. Ya zaunar da Dada, ya rufe mata idon dama, ya ce ta kalli hancinsa. Ya kawo yatsunsa daga gefe a hankali.

"In kin gani ki ce."

A watan Janairu tun hannunsa na wajen kafaɗarsa take cewa ta gani. Yau yatsun suka yi ta tahowa, suka wuce kafaɗa, suka wuce kunne. Sai da suka zo kusa da kumatunsa ta ce, "Ga su."

Ya rubuta a kati ya miƙo mini. Da na matsa masa, ya ce abin da ya rage kamar mai leƙe ta bakin kwalba ne. Shi za mu yi ƙoƙarin riƙewa.

A hanyar gida ba mu sami mota ba, muka taka. Dada ta saki gefen zanena ta dafa kafaɗata, abin da ba ta taɓa yi a titi ba. Wajen kwanar unguwarmu ta ce, "In kin rubuta wa na Sunkani, ki ce kaya sun iso lafiya. Ki ce sun zo a kan lokaci."

"Ba su zo a kan lokaci ba, Dada."

"Ki ce haka dai. Yana karatu."

Akwai kwata a gabanmu, ta gefen hagu. Na ce mata ta ɗaga ƙafa.