Sau Uku Na Rage Mata Riga

Sau uku na rage wa Malama riga cikin wata bakwai. Hannuna ya san tana ƙarewa tun kafin kaina ya yarda. Na tambaye ta kuwa, ba wai ban tambaya ba. Ita ce ba ta faɗa mini ba, kuma ni na jawo.

Ni tela ce. Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi: keken ɗinki biyu, teburin yanka, da wani benci mai rawar ƙafa. A kan bencin nan ni da Malama muka shekara goma sha tara muna addu'a kowace Laraba da safe, kafin ta wuce makarantar da take koyarwa, ni kuma in buɗe wa masu kawo ɗinki. Tsohon fastonmu ne ya haɗa mu, lokacin da ya ce kowace mace a ikilisiya ta sami abokiyar addu'a. Sauran duk sun watse kafin shekara ta zagayo, mu kuwa muka manne. Dokarmu ɗaya ce. Kafin mu rufe ido, kowa sai ta tambayi 'yar'uwarta, "Me zan roƙa miki?" Kuma ba a amsawa da "lafiya lau". Malama ce ta kafa dokar. Ta ce wadda take lafiya lau ta yi zamanta a gida ta ƙara barci.

Babu abin da matar nan ba ta sani ba a kaina. Ta san cikin da na yi ɓarinsa ban gaya wa kowa ba. Ta san shekarar da mijina ya mutu na yi wata huɗu ina fushi da Ubangiji, ina zuwa coci ina motsa baki a waƙa ba murya. Ko kalma ɗaya ba ta taɓa fita daga bakinta ba. Ni kuwa, kai! Marigayi mijina yakan ce keken ɗinkina yana hutawa ranar Lahadi, bakina ne ba ya da Lahadi.

Wata Laraba bara, na tambaye ta me zan roƙa mata, sai ta fashe da kuka. Ɗanta ne, shi kaɗai Allah ya ba ta, wanda ke buga wa mawaƙan coci ganga. Ta tsinci ƙwayoyi a aljihun wandonsa tana wanki. Ta zaunar da shi, ya amsa laifinsa, ya ce yana son ya bari, ya roƙe ta kada kowa ya ji.

"Ke kaɗai na gaya wa, Tela," ta ce. "Ganga ce kawai ta rage da ke riƙe shi a gidan Allah."

Muka yi addu'a, muka yi kuka, ta goge ido ta tafi aiki.

Washegari Alhamis ranar zumuntar mata ce. Malama ba ta zo ba. Mama Fasto, matar sabon fastonmu, ta ce mai roƙon addu'a ta miƙe. Na miƙe. Har yau in na tuna yadda na gyara ɗankwalina kafin in buɗe baki sai in ji kamar in mari kaina. Na ce mu tuna da wata 'yar'uwarmu, malamar makaranta, wadda ɗanta tilo mai hidima a cikin mawaƙa ya faɗa shan ƙwaya. Na ƙara da cewa ba zan ambaci suna ba.

Ba zan ambaci suna ba! Ji wauta. Malamar makaranta nawa ce a cocinmu mai ɗa ɗaya a cikin mawaƙa? Mata talatin suka ce "Ubangiji ya yi jinƙai", suka rufe ido, kuma na san rabinsu tun a lokacin suna lissafin wa za su fara gaya wa. Na yi ta ce wa kaina ƙauna ce ta sa ni, wai bakin mutum talatin ya fi na biyu. Ƙarya nake. Daɗi na ji da aka juyo ana kallona, ni mai labarin da ba kowa ke da shi ba.

Kafin Lahadi dattawan coci sun kira yaron sun ce ya ɗan huta da ganga. Ya ajiye sandunan a kan kujera ya fita. Bayan sati biyu ya bar gida, ya bar garin ma, lambar wayarsa ta daina shiga.

Na je gidan Malama na durƙusa a tsakar ɗakinta. Ban kawo hujja ba, don ba ni da ita. Ta kama hannuna ta tashe ni.

"Na yafe miki," ta ce. "Yesu ya yafe mini abin da ya fi wannan. Tashi, gwiwarki ba lafiya gare ta ba."

Laraba ta zagayo, sai ga ta ƙarfe shida daidai, ta zauna a gefenta na benci. Na yi murna har ina rawar jiki. Ta tambaye ni me za ta roƙa mini, na zazzage mata komai. Na tambaye ta nata.

"Ki gode masa kawai," ta ce. "Lafiya lau."

Na ce, "Haba Malama, dokar fa?"

Ta yi murmushi ta rufe ido.

Haka muka ci gaba. Ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Tana gaishe ni, tana tsokanata a kan ƙibata, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni ita ta share mini shago. In ka gan mu sai ka ce ba abin da ya faru. Amma kowace Laraba amsar ɗaya ce, lafiya lau, kuma kowace Laraba sai in ji kamar an rufe mini ƙofa a hankali, ba bugawa.

Sai ta kawo shuɗiyar rigarta ta zuwa coci ta ce in rage kugu. Inci biyu na cire. Ta ce azumi take yi saboda ɗanta. Bayan wata uku ta dawo da ita, na sake cire biyu, har da hannu. Ta ce aikin makaranta ne ya yi yawa. Karo na uku da na zagaya tef a jikinta, yatsuna suka taɓa haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya.

"Malama, don girman Allah, me ke damunki?"

"Ke dai ɗinka, Tela. Ba ke ce kullum kike cewa in ba ki sirrin rama ba?"

Na ɗinka ina hawaye a kan yadin. Da can da na kulle ƙofa na ce ba inda za ta sai ta faɗa. Yanzu da wane bakin zan matsa mata?

Daga bakin fasto na ji, ranar Lahadi, tare da kowa da kowa. Bayan sanarwar gyaran rufi ya ce mu tuna da Malama, tana kwance a asibiti, ciwon daji ne kuma ya yi nisa. Matar da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "Ke ai kin daɗe da sani, shi ne kika yi shiru?" Ban tsaya an gama sujada ba.

Na same ta a gado na ƙarshe kusa da taga, an sa mata ruwa a hannu. Ba ta kai rabin matar da na sani ba. Na zauna kusa da ita.

"Tun yaushe?" na ce.

"Wata bakwai."

"Wa ke rako ki?"

"Ba kowa."

"Wata bakwai, Malama? Ke kaɗai? Ashe ba ki yafe mini ba."

Ta girgiza kai a kan matashi. "Na yafe, Allah ne shaidata. Ban riƙe ki da komai ba. Kowane sati nakan fito gida da maganar a bakina, in ce yau zan gaya wa Tela. Sai ki tambaye ni, sai in ji maƙogwarona ya kulle. Na roƙi Ubangiji ya buɗe shi, bai buɗe ba."

Ta ɗan huta, sannan ta ce, "Ranar Laraba ce ranar ganin likitana. Daga shagonki nake wucewa."

Na tuna yadda nake raka ta bakin ƙofa kowane sati, in ce ta gaida 'yan makaranta, in koma in hau keke. Ashe hagu take yi hanyar asibiti, ba dama hanyar makaranta ba. Ban taɓa tsayawa na ga inda ta nufa ba.

Na kifa kaina a gefen gadon. Ta ɗora hannunta a kan ɗankwalina, hannun ba nauyi, ta ce, "To, me zan roƙa miki?"

Karo na farko a rayuwata bakina ya rasa abin faɗa.

Ta rasu ranar Litinin. Ɗanta bai zo ba, don ba wanda ya san inda za a same shi a gaya masa. Da shuɗiyar rigar aka binne ta, kuma duk da ragin da na yi sau uku, sai da muka naɗe bayan rigar da fil.

Ranar Laraba na buɗe shago ƙarfe shida, don ƙafata ba ta san wani abin ba. Na zauna a gefena na benci. Ba kowa a ɗaya gefen, sai ƙafar nan mai rawa ta ɗaga, na kusa faɗuwa. Na gyara zama na rufe ido, na jira har masu kawo ɗinki suka fara ƙwanƙwasa ƙofa.