Masu Sa Wa Sirajo Ido

Lami tana tankaɗe aka aiko cewa mijinta Mode ya faɗi a gona, bai tashi ba. Da aka share makoki, kekensa ya rage a zaure. Ɗansu Sirajo, mai shekara sha biyar, ya ce shi zai riƙa hawa daga Dundaye zuwa makarantarsu a Ƙofar Marke.

Lami ta ce a'a, ta ce to, ta sake cewa a'a. A ƙarshe dai ta yarda. Da ta fita takaba sai ta bi hanyar da ƙafa, tana roƙon duk wanda ya san Mode ya sa wa yaron ido.

Suka sa, har ya yi yawa.

Abdulshakur mai faci, da rumfarsa ke kusa da gidansu, ya tare shi ya sace iskar taya, ya sake busawa don ya tabbatar. A Kwalkwalawa, Tabita mai kunu ta riƙe kan keken.

"Ɗan Mode, ba ka wuce ni da cikin wofi. Shanye!"

"Mama, na ƙoshi."

"Ƙarya kake, ga wuyanka kamar na zalɓe."

Gaba kaɗan tsohuwa Habiba ta buɗe masa ido da yatsa tana duba ko yana da ciwon shawara, ta yi masa addu'a mai tsawo, ta ɗora masa kaza ya kai wa jikarta. Sirajo ya isa makaranta ana tashi tara, cikinsa na ƙugi, kazar na kuka.

Malam Gideon, malamin ajinsu, ya zo gida da kansa.

"Inna, in ya ƙara makara ba zai zauna jarrabawa ba. Kazar ma ta fi shi natsuwa a aji."

Lami ta sake ɗaukar mayafi. Wannan karon roƙo take su bar kula da ɗanta.

"Mi munka yi miki?" in ji Abdulshakur. "Ke kinka ce mu sa mai ido!"

"Ido na ce, Malam, ban ce hannu ba."

Tabita har ta yi hawaye. Da ƙyar aka shirya: Sirajo ya kaɗa ƙararrawa in ya zo wucewa, su ɗaga hannu daga inda suke. Kunu sai a dawowa. Ya zauna jarrabawarsa.

Har yau, kullum da safe Lami takan tsaya bakin zaure da tsintsiya a hannu, ba ta fara shara sai ta ji ƙararrawa daga rumfar mai faci.