Gargaɗi Kafin Awo

"Ba zan sake buga ta ba, Mushe."

Zinariya ta faɗi haka a tsaye, ta dafa mashin ɗin buga takardu da hannu biyu kamar za a ƙwace mata shi. Mushe Abarci (Mushe shi ne Malam a bakin Faransa), shugaban biro, wato ofishin aikin gona na Dakoro, ya cire tabarau ya dube ta. Tun da aka samu 'yancin kai Bature ya bar masa kujerar nan, ba a taɓa ce masa a'a cikin ɗakin ba, balle daga bakin yarinyar da ko tabbatar da ita a aiki ba a yi ba. Tabbatarwar kuwa sa hannunsa take jira, kuma dukansu sun san haka.

Takardar da ake ja a kanta shafi ɗaya ce. An kawo wani jan gari daga Maradi, wanda ake cuɗa irin gero da shi kafin shuka don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa. Aka ce a rubuta yadda ake aiki da shi cikin Hausa, a karanta wa manoma ranar kasuwa. Zinariya aka ba aikin, ita da ta gama lakkol, makarantar boko, a Maradi ta dawo da sartifika, ba ta kuma ɓoye wa kowa cewa ta fi mazan biron hannu.

Akwai wani littafi mai koren bango da aka aiko daga Yamai, na ƙa'idar rubuta irin waɗannan takardu. Ya ce jimla ta zama gajera. Aiki ɗaya a layi ɗaya. A auna da abin da mutane ke da shi a gida, kwalin ashana da tiya, a bar giram. Zinariya tana son littafin nan, ta haddace shi kamar karatun allo. Wuri guda kawai suka saɓa. Littafin ya ce a fara da amfanin abu, a bi da matakan aiki, gargaɗi ya zo a ƙarshe. Ita kuwa ta ɗauko gargaɗin ta aza shi a layin farko: garin nan guba ne, irin da aka cuɗa ba a daka shi, ba a ba dabba, abin da ya ragu a binne.

Mushe ya yi mata bayani cikin sanyi. In manomi ya ji guba a kalmar farko, wa zai miƙa hannu? Bara ƙwari sun cinye rabin shukar ƙauyen Ɗan Gulbi, bana ma a bar su? Ga shi mai duba aiki zai zo daga Maradi ya jera takardun kowane gari, ya ga ta Dakoro ce kaɗai ta juya kai ƙasa.

Ta amsa masa da abin da ta gani da idonta a kasuwar Ajekoriya lokacin da aka raba taki. Takarda ba karanta ta ake ba, jin ta ake. Sankira mai shela ya hau kan kamiyo, babbar motar kaya, mai karatu na faɗa masa, shi yana ɗaga murya. Da mutane suka ji awo, sai suka ruga layi, sauran maganar iska ta ji ta. Mata kuwa ba sa wurin, alhali su ke da turmi. Abin da miji ya ji da fari shi yake kaiwa gida.

"Kuma ka san watan da muke ciki, Mushe," in ji ta. "Rumbu ya yi ƙasa. Wace mace za ta ga tiyar gero ta ragu ta zubar, don kawai ta yi ja?"

"Madamazel, ni da ke ba mu muka rubuta littafin ba."

"Wanda ya rubuta shi bai taɓa tsayawa kasuwar Ajekoriya ba."

Bai yi tsawa ba. Ya kira Cindo, tsohon akawun da ke buga takarda da yatsa biyu, ya ce a ɗauke mashin daga teburin Madamazel a kai nasa. Ita kuma ta zauna nan, in ta gama tunani ta yi magana.

Haka ta zauna. Kullum da safe ta zo da farar rigarta a goge, ta gaida kowa, ta zauna gaban tebur wanda ba kome a kansa sai shatin ƙafafun mashin. Zama bai karɓe ta ba. Ta tashi ta leƙa taga, ta dawo, ta jera fensir, ta wargaza, ta sake tashi. Daga bayanta tana jin Cindo yana ƙwanƙwasa takardarta harafi-harafi, gargaɗin na gangarawa ƙasan shafi. Yakan ce mata, ƙanwata, daina kai da kawo haka, kina sa ni kuskure. Wata rana ya rage murya ya ce ta je ta ba da haƙuri, layi uku ne fa, sama ko ƙasa duk cikin takarda suke. Ta ce masa shi ma ya gwada cin tuwo ya bar bismilla sai ya gama ya wanke hannu. Ya yi dariya har da tari, ya ce bakin nan nata ne zai kai ta inda ƙafa ba ta so.

A gida ma ba sauƙi. Mahaifinta, Malam Sha'ibu mai fataucin hatsi, shi ya sha surutun dangi da ya bar ta ta yi lakkol. Yanzu labari ya kai zaurensa cewa ɗiyarsa na zaune a biro kamar tulu. Bai zage ta ba. Ya tambaye ta kawai ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata, Baba. Ya ce to ta sani shi ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa mata in wannan ta rufe.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, aka ɗora buhunan gari a kamiyo. Ranar kasuwar Ajekoriya Mushe ya ce ta bi su, ita za ta yi wa sankira karatu, tunda Cindo muryarsa ba ta fita. Ta gane abin da yake nufi. In ta karanta yadda aka buga, maganar ta mutu, a dawo mata da mashin, ya sa hannu.

Hanya duk ba ta zauna daidai ba, takardar na hannunta, ta naɗe ta buɗe har gefen ya yi laushi. A kasuwa Na'Allah sankira ya hau bayan kamiyo, ya gyara hula, ya yi wa gwamnati kirari, ya sunkuyo ya ce ɗiyata, ba ni. Mushe na tsaye a inuwa. Mutane sun riga sun fara matsowa da ƙorai.

Zinariya ta sa yatsa a ƙasan shafi, ta fara daga can.

Na'Allah ya ɗan tsaya, ya dube ta, sannan ya ɗaga murya ya faɗa yadda ta ba shi. Kasuwa ta yi tsit. Ta ba shi layin binne ragowa, ta ce ya maimaita, ya maimaita. Wani dattijo ya kife ƙwaryarsa ya juya, wasu suka bi shi, kusan kashi ɗaya cikin uku na taron. Sauran suka tsaya, suka ji awo, suka karɓa. Buhuna da yawa suka koma Dakoro ba a kwance bakinsu ba.

Bai sa hannu ba. Kafin gero ya yi kai aka sallame ta, aka kawo wani saurayi daga Tasawa ya zauna a teburinta. Sauran kasuwanni duk sun ji takardar yadda littafi ya tsara. Ba a ji wanda garin ya kashe ba, a Ajekoriya ko a wani wuri, don haka ba ta da abin da za ta nuna ta ce ga shi. Waɗanda suka kife ƙwarya kuwa, wasunsu ƙwari sun ci shukarsu, an kuma gaya mata.

Yanzu tana zaure tana auna wa mahaifinta gero, sartifika na cikin akwati. In an tambaye ta, takan ce ko gobe daga ƙasan shafin za ta fara. Aikin da ta yi shekarun lakkol dominsa ya tafi, biro bai sake kiranta ba, har ta daina goge farar rigar.