Gwiwar Gaida Inna

Shekarar ta ɓace mini, yadda hula da makulli suka saba ɓace mini. Na dai san muna cikin jihar Sakkwato, jirgin ƙasa kuma yana isowa Kaura in ya ga dama. A lokacin ne Ɗanbaba direba ya diro daga saman motar albasa a kasuwar Shinkafi, wata Alhamis, kamar yadda yake yi tun yana saurayi. Ƙafa ta sauka, jiki ya juya, ya ji ɗas a gwiwar dama. Shekararsa arba'in da bakwai. Gwiwar ta san haka, shi ne bai sani ba.

Aka kai shi wurin Hammadu mai ɗori, mutum mai sa'ar hannu a kan karaya. Ya laluba bai ji ƙashi ya karye ba, amma tun da an kawo masa ƙafa, sai ya jera mata karare ya ɗaure tam, ya ce kwana arba'in. Ran da aka kwance, kumburi ya tafi, ƙafar kuma ta sandare kamar taɓarya, cinyar ta tsotse.

Salla ba ta dame shi ba, liman ya ce ya yi a zaune. Mota ya bar wa abokin aikinsa. Abin da ya tsaya masa a rai mahaifiyarsa ce, Inna Yalwa, can Gurbin Bore. Tun da ya yi wayo bai taɓa gaishe ta a tsaye ba. Duk bayan mako biyu yakan je, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna a bakin ɗakinta, kai a sunkuye, har sai ta ce ya isa. Allah dai ya yi wa marar lafiya rangwame, amma Ɗanbaba bai ga wanda zai yi masa rangwamen Inna ba. Ya hana a faɗa mata. Ya riƙa aika goro da sukari ta hannun direbobin Zurmi, a ce aiki ya kai shi Kurmi, can kudu.

A wata na uku matarsa Mero ta gaji da ganinsa yana jan ƙafa a tsakar gida, ta matsa masa ya je asibiti. Can aka tura shi wani ɗan ɗaki, wurin Malam Jibrin mai gashin ƙashi, wanda yake zuwa daga Gusau duk Talata. Ɗakin ba komai sai gado, da jakunkunan yashi, da keke wanda ba ya zuwa ko'ina.

Malam Jibrin ya riƙe cinyar da hannu ɗaya, ya tura ƙwaurin waje da ɗayan. Ɗanbaba ya ambaci Allah.

"Jijiyar da ke riƙe gwiwa ta ciki ce ta yage," in ji Malam Jibrin. "Ta haɗe, amma ɗaurin ya sa gaɓar ta bushe, naman cinya ya yi barci. Sai mun tashe shi."

"Likita, ni abu guda ni ka so. Yaushe zan tsuguna?"

"Wasu sukan tambayi yaushe za su yi tafiya."

"Tahiya ko jaki na yi."

Da ya ji dalilin, Malam Jibrin bai yi dariya ba, shi ma yana da uwa. Ya kwantar da shi rub da ciki, ya lanƙwasa ƙafar a hankali har ta ƙi, ya auna da hannu daga dunduniya zuwa mazauni. Taƙi biyu da yatsu uku.

"Ran da wannan ya ƙare, ka tsuguna. Amma ka ji shawarata, Alhaji, ka je ka gan ta tun yanzu. Ka zauna kan tabarma, ka miƙe ƙafar."

Ɗanbaba ya dube shi kamar ya zage shi. "In miƙe ma Inna ƙahwa?"

Aka fara aiki. Ɗanbaba ya zauna ya danna bayan gwiwa a ƙasa har cinya ta ɗaure, sau talatin. Ya kwanta ya ɗaga ƙafar a miƙe. Ya ja dunduniya a kan tabarma zuwa jikinsa, ya tsaya inda ciwo ya fara, ba inda ya ƙare ba. Mero ta ɗinka jaka ta zuba rabin tiyar gero, tana ɗaura masa a idon sawu safe da yamma. In gwiwar ta yi zafi, ta jiƙa tsumma da ruwan randa ta lulluɓe ta.

"Maigida, geron nan ya fi kowane gero yawo a Kaura," in ji ta. "Sama, ƙasa, sama, ƙasa."

"Ki dai ƙirga."

"Sha bakwai. Na ga ka tsallake biyu."

Da ya rage taƙi ɗaya, Ɗanbaba ya ga likita na jan rai. Wata rana da hantsi ya zagaya bayan ɗaki, ya dafa turmi, ya sake nauyinsa gaba ɗaya a kan gwiwar. Nan Mero ta same shi rungume da turmin, bai tsuguna ba, bai miƙe ba, gumi na zuba. Ta sa kafaɗa ta ɗaga shi. Ran Talata gwiwar ta kumbura ta kai ƙaramar ƙwarya.

Malam Jibrin ya auna, ya girgiza kai. "Ka maida mu baya wata guda. Jijiya ba ta san gaggawa ba. Ka je Gurbin Bore, Alhaji, na sake faɗa maka."

"Sai gwiwar ta cika, likita."

Daga nan ya bi doka. Ya tuƙa keken nan har ya ce da mota ce da ya kai Ikko. Ya koyi saukowa kaɗan kaɗan, bayansa jingine da bango. Yatsu huɗu. Yatsu biyu. Damina ta sauka, gero ya fitar da kai, aka fara girbi. Wata Talata dunduniya ta taɓa mazauni. Malam Jibrin ya sa shi ya tsuguna a tsakiyar ɗakin ya miƙe ba dafa komai, sau biyar. A na biyar Ɗanbaba ya juya fuska bango, ya ce wani abu ya faɗa masa a ido.

Ran Juma'a ya sa farar riga ya shiga motar Zurmi. Ya tuɓe takalmi a zaure. Inna Yalwa tana zaune a bakin ɗaki, tasbaha a hannu. Ya sauka a hankali, yadda aka koya masa, nauyi daidai a ƙafa biyu, har ƙasa.

"Inna, ina wuni. Mun same ku lahiya?"

"Ɗanbaba? Kai na?" Ta miƙa hannu, hannun ya wuce ta saman kansa, ya dawo ya sami hula, ya sauko kan kunne da kumatu. Ta daɗe tana shafawa. "Ka rame. Kurmin nan ba su ba mutane tuwo?"

"Suna badawa, Inna."

"To ya isa. Zauna, miƙe ƙahwahunka ka huta, ka sha hanya."

Bai zauna ba. Ya ɗago kai ya dubi ƙanwarsa Maimunatu da ke tsaye da kwanon fura, ita kuma ta kau da fuska. Sai da ta raka shi zaure ta faɗa masa. Yanar ido ce ta rufe idanun Inna, kaɗan kaɗan, Innar kuma ta hana a aika masa don kada hankalinsa ya tashi a bakin aiki. Har farkon damina tana gane fuskar mutum in ya matso.