Mil Ɗari Biyu Ba Tsayawa

Leander Fettig manomin alkama ne a gefen garin Linton, a Dakota ta Arewa, kuma duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya san halinsa: idan ya ɗauki hanya ba ya son tsayawa. Da ya gaji da noma ya miƙa gonar ga ɗan ƙanensa, sai shi da matarsa Marcella suka sayi tirelar kwana, irin babbar nan da gabanta ke hawa bayan a-kori-kura, turken ƙarfenta ya faɗa cikin makama a tsakiyar bodi, ta kulle. A ciki akwai kicin da teburi da doguwar kujera, daga nan a hau matakala uku zuwa ɗakin barci, wanda ke bisa bayan motar. Shekara goma sha ɗaya suna gudun sanyi da ita, su gangara Arizona a Oktoba, su dawo a Afrilu.

A dawowarsu ta ƙarshe, sun tsaya shan mai a North Platte da hantsi, Marcella ta dafe goshi.

"Kaina kamar ana sara shi da gatari. Bari in kwanta a baya."

"Ki sha magani mana, ki kwantar da kujera."

"Wannan kujerar taka mai warin gas? Gadona nake so." Ta miƙo masa ɗaya daga cikin oba-oba biyu da suke magana da su idan tana baya. "Ka kunna ta, ka ji ko?"

"Na ji."

Ya jefa ta cikin aljihun gaban mota da niyyar kunnawa idan ya fita daga cunkoson gari. Da ya fita, rediyo ya ce dusar ƙanƙara za ta sauka a Dakota kafin yamma. Sai ya taka mai. Ya wuce Thedford, ya wuce Valentine, ya tsallaka iyakar jiha, bai tsaya ba sai Murdo, bayan awa huɗu da mil ɗari biyu.

Ya buɗe ƙofar tirela yana cewa ta tashi su ci abinci. Ba a gado ya same ta ba. Tana zaune a ƙasan matakala, ta jingina da firji, silifa ɗaya a ƙafarta, oba-oba a cinyarta da 'yar fitilarta ja a kunne. Hannunta ya riga ya yi sanyi.

Har yau bai san inda ya samo ƙarfin ba, yana ɗan shekara saba'in da uku. Ya ɗauke ta ya hau matakalar, ya kwantar da ita, ya ja mata bargo, ya kashe oba-obar ya cusa a ƙarƙashin tawul. Sannan ya fita ya kira mutane. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Shi kuma ya ce wa kowa cikin barci ta tafi, har Fada ya maimaita haka a coci ranar jana'iza, mata suna gyaɗa kai suna cewa ta yi sa'a.

Tirelar ta yi bazara a gefen rumbu. Colleen, 'yarsu da ke aiki a Fargo, ta bugo ya fi sau biyar.

"Baba, ka sayar da abin nan. Me za ka yi da shi kai kaɗai?"

"Sai na gyara ta tukuna. Ba a sayar wa mutum abu da rufin da ke yoyo."

Rufin ba ya yoyo, amma ya hau ya bi kowace gaɓa da danƙo. Ya wanke tankunan ruwa, ya canza roba a bakin tagogi, ya auna iskar tayoyi duk Asabar. Ciki ne kawai ba ya daɗewa. Wata rana da azahar yana kwance a ƙarƙashinta yana shafa giris, ko ganye ba ya motsi don rashin iska, sai tirelar ta lotsa a kansa kaɗan. Ta sake lotsawa, ta kuma. Duk mai irin wannan tirela ya san motsin nan: haka take yi idan mutum yana saukowa daga ɗakin barci. Ya kwanta shiru da gwangwanin giris a ƙirjinsa yana jiran ƙarar ƙofa. Ba a buɗe ba. Ya rarrafo waje ya ƙara ɗaure ƙafafun ƙarfen da take tsaye a kai, har kafaɗarsa ta yi ciwo. Bayan kwana uku ta sake yi.

Da Oktoba ta zo ya ce zai tafi Arizona. Colleen ta ce ba shi kaɗai ba. Aka daidaita cewa Bernadine, ƙanwar Marcella, za ta raka shi ta dawo a jirgi. Bernadine ta yi shekara talatin tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, kuma tun tana budurwa ba ta taɓa raga wa mijin yayarta ba. Ta iso da jaka ɗaya da kwanon wainar madara irin wadda Marcella ke yi, ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallonsa yana baya da mota zuwa turken.

"Hagu, tsoho. Hagun naka, ba nawa ba. Ashe duk shekarun nan Yaya ce ke tuƙin, kai sitiyari kawai kake riƙewa."

"Ki matsa kar in take ki, a ce da gangan ne."

Makama ta kama turken da ƙara. Ya sauko ya haska ciki ya tabbatar bakin ya rufe, ya sa sakata, ya haɗa waya.

Ranar farko lafiya lau, sun kwana a Pierre, ita a kan doguwar kujera, shi a gidan gaba na mota da hujjar bayansa ya fi son nan. Kashegari, suna wuce Murdo, abin ya fara. Tirela ta fizgi motar daga baya, fizga ɗaya, kamar wanda aka ja wa riga. Ya duba madubi. Ba komai sai farin gabanta mai faɗi da kwalta. Bayan mil goma ta sake. Ya sauka gefen titi.

"Lafiya?"

"Taya zan duba."

Ya bubbuga tayoyin, sannan ya buɗe ƙofar tirela ya leƙa. Kujera, teburi, firji, matakala. Ya rufe. Kafin su kai Valentine ya tsaya sau huɗu.

"Ikon Allah," in ji Bernadine tana gutsurar waina. "Mutumin da ya yi shekara arba'in da bakwai yana hana Yaya fitsari a hanya, yau shi ne ke tsayawa a gindin kowane falwaya. Makamarka ce ta cinye, ni ma ina jin fizgar. Ka kai wa makaniki, ka daina duba tayar da ba ta yi maka komai ba."

"Kin ji ta ke ma?"

"To ni gawa ce da ba zan ji ba?"

Ya ƙura wa titi ido. Ita ma da ta ji abin da ya fita daga bakinta sai ta juya tana kallon waje.

Bayan Valentine ƙasar tudun yashi ce mai ciyawa, sai ka yi rabin awa ba ka ga gida ba, shanu kawai da injin ruwa mai juyawa da iska. Da Afrilu bai kalli komai a nan ba, amma yanzu kowace lanƙwasa tana tambayarsa. A nan ne ta tashi daga gado? A nan ta danna oba-obar ta kira sunansa? Sau nawa ta kira? Ya san yadda za ta faɗa, da farko cikin faɗa, "Leander, kai da kai nake," daga baya kuma bai san yadda muryar ta koma ba, wannan ne bai iya zana wa kansa ba.

Sun wuce Thedford da rana tsaka, titi ya gangara zuwa gadar kogin Dismal. Suna hawa gadar tirela ta buga sau uku a jere, da ƙarfi, har kofin Bernadine ya fantsala. Leander ya rage gudu. Ya tuna. A nan ne, da Afrilu, yana haurawa ta ɗaya ɓangaren, ya ji bugu uku daidai irin wannan. Ya ce a ransa gaɓar gada ce, ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo.

Ya tsaya a wani fili bayan gadar ya kashe injin. Iska na kaɗa ciyawa.

"Bernadine, ba a gado ta mutu ba."

Ta ajiye kofin.

Ya faɗa mata duka, yana kallon sitiyari. Matakalar, silifa ɗaya, fitilar ja, tasa oba-obar a kashe cikin aljihun da ke gaban gwiwarta yanzu. Ya nuna mata aljihun. Ba ta buɗe ba.

"Ta ce in kunna, na ce na ji."

Bernadine ta juyo ta kalle shi. Can ta ce, "Na ga ƙujewa a goshinta ranar da na kai wa masu shirya gawa rigar da za a sa mata. Sun shafa hoda, amma na gani. Na ce wane irin barci ne ke ƙuje goshi? Wata shida ina jira ka buɗe baki."

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Don ka yi mini ƙarya ni ma, a fuska?" in ji ta. "Likitan ya ce ko ka tsaya ba za ta rayu ba?"

"Ban tambaye shi ba. Na ji tsoron amsar."

"Ba ni makulli."

Ta sauka ta zagaya ta shiga tirelar ta rufe ƙofa. Yana zaune a mota yana jin kowane takunta ta cikin ƙarfen, ta je kicin, ta tsaya, sannan shiru. Ya yi kusan rabin awa. Wata motar shanu ta wuce, direban ya ɗaga masa yatsa, bai iya mayarwa ba.

Da ta fito idonta ya kumbura. Ta buɗe ƙofar direba.

"Matsa, ni zan tuƙa."

Ya koma ɗaya kujerar. Ta gyara madubi, ta tada injin, amma ba ta sa giya ba.

"Na zauna a wurin," in ji ta. "A ƙasa, jikin firji. Daga nan ba a ganin komai sai ɗan sama ta tagar kicin. Na yi mata addu'a, na kuma gaya mata ka tsaya, ko da yake ka makara. Kar ka jira in ce na yafe maka, Leander, ba ni ka yi wa ba. Kuma Colleen za ka gaya wa da bakinka, ba ni ba."

"Za ta tsane ni."

"Mai yiwuwa. Na ɗan lokaci."

A North Platte makaniki ya kwance makamar ya nuna musu haƙoranta sun cinye, yatsa na shiga tsakaninsu da turken. Ya sa sababbi. Bernadine ta ce ka gani. Daga nan har Arizona ita ba ta sake jin fizga ba. Shi ya ji sau biyu, a kan shimfiɗaɗɗen titi, bai faɗa ba.

Ta taya shi kafa tirelar a filinsu na kullum kusa da Yuma, ta kwana uku, ta hau jirgi. A bakin ƙofar shiga ta gyara masa kwalar riga da ƙarfi kamar za ta shaƙe shi, ta ce ya riƙa cin abin da ba daga gwangwani ya fito ba.

Ya yi sanyin a nan. Maƙwabtan da suka san Marcella suna kawo masa miya, suna jan shi wasan karta da la'asar. A doguwar kujera yake kwana, ɗakin sama kuwa sai ya hau ya share ƙura ya sauko. Ya ɗauki waya zai gaya wa Colleen ranar Kirsimeti, ya ji jikokinsa suna ihu a bayanta, ya ce abinci ya yi daɗi.

Da Afrilu ta zo mutane suka fara haɗa tirelolinsu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tambaye shi yaushe, sai ya ce jibi. Sau biyu ya yi baya da mota har bakin turken, ya zauna da ƙafa a birki, sannan ya sa giyar gaba. Filin ya zama wayam, zafi ya sauko, ƙarfen ƙofa ya fara ƙona hannu. Matar da ke kula da filin ce ta kira Colleen.

Colleen ta zo a jirgi. Ta kwashe kayan sawarsa da hotuna da carbin mahaifiyarta, suka kulle tirelar suka bar ta a can, ta ja a-kori-kurar ba kaya a baya. Ba su yi awa biyu a hanya ba ya gaya mata. Ta sauka gefen titi ta fita ta yi tafiya cikin duwatsu har ta zama ƙarama a idonsa. Ya yi zaton ba za ta dawo ba sai ta kira wani ya zo ya ɗauke shi. Ta dawo da ƙaya a ƙafar wando, ta sha ruwa, ta miƙa masa gorar.

"Ta wace hanya kuke bi?"

"Ta Nebraska."

Ta duba taswira a wayarta na ɗan lokaci. "Za mu bi ta Wyoming. Zai ƙara mana kwana ɗaya."

Ba ta sake yi masa magana ba sai da yamma, a wani gidan abinci a gefen Flagstaff, inda ta ture masa rabin dankalinta ta ce ya rame da yawa, ya ci.