Wurin da Saude Ta Kama Mini a Motar Zanzibar

A daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya dire a wata tashar mota da ban taɓa gani ba, amma na san kowane lungu nata. Rana tsaka ce, ruwan sama kuma yana tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, don haka kowa ya kifar da lemarsa ya tsaya a cikinta. Ni ma na kifar da tawa. Mutum ba ya zuwa garin mutane ya ce zai gyara musu damina.

'Yan kamashon tashar duk karnuka ne. Ni da kare ba ma ga-maciji tun ina yaro, amma gaskiya waɗannan sun fi 'yan kamashon da na sani ladabi. Shugabansu irin karen Jamus ɗin nan ne da 'yan sanda ke yawo da shi, ya kafa hula ya harɗe a kan benci. Wani siririn karen farauta na Buzaye, duk ƙafa babu ciki, shi ke kiran lodi.

"Dubai, masu olsa! Yankari, masu sanyin ƙashi, ruwan ɗumi na jiran ku! Agadas, masu basir, a tsaye za a tafi!"

Na tambayi wani ɗan mitsitsin kare fari, mai gashi kamar audugar katifa, irin wanda matan Turawa ke rungumewa, yadda ake biyan mota.

"Da ciwo ake biya, Baba," in ji shi. "Mura ta kai ka bayan gari, maleriya ta kai ka Obudu. Iya ciwonka, iya nisanka."

Ina juyawa sai na ga Saude.

Saude matata ce. Ciwon suga ya ɗauke ta bara waccan, bayan ya gama cin ta kaɗan-kaɗan a gaban idona. Har ta rasu ba ta taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Takan ce, "Malam, wai da gaske ruwa ne har inda ido ya ƙare?" Mun sha shirya tafiyar a baki muna zaune a tabarma, har gardama mun yi a kan wanda zai zauna ta taga.

To ga ta nan ta ci gardama, tana zaune ta taga a motar Zanzibar, wadda jirgin ruwa ne aka sa wa tayoyi. Ta murmure, ta yi kumatu. Ta shimfiɗa mayafinta a kujerar da ke kusa da ita.

"Malam, yi sauri," ta ce. "Na kama maka wuri. Saura mutum ɗaya mu tashi."

Sai ga ni a layin ganin likita, a gindin wani mangwaro mai 'ya'yan kwalaben magani. Likitar kyanwar Farisa ce, fuskar nan a daɓe kamar an zauna a kanta, ta ɗora tabarau a inda hanci ya kamata ya kasance. Mataimakiyarta wata kyanwa ce da ba ta da gashi ko ɗaya, an sa mata suwaita don kunya. Matar da ke gabana ta faɗi asmarta tiryan-tiryan, har da yadda ƙirjinta ke fito da asuba, nan take aka tura ta Istambul.

Ni kam hankalina kwance. Ina da hawan jini, ina da gwiwar da ke sanar da ni zuwan hadari kafin rediyo. Ina kuma da babbansu, wanda ba a sayar da maganinsa a kemis: kewar Saude, wadda ke taso mini duk sanda aka ajiye mini kwano ni kaɗai. Da wannan ai ko bayan Zanzibar ne na je.

Likita ta dube ni ta saman tabarau. "Malam Ɗahiru, yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi," na ce.

Hatta kwalaben da ke bishiya sai da suka daina kaɗawa.

"Mai sauƙi ba ya tafiya," in ji ta. "Na gaba."

Na durƙusa da gwiwar tawa mai ciwo, ni da furfurata, ina roƙon kyanwa. Na ce bakina ne ya riga ni, a taimaka a sake tambaya. Ta lashi hannu ta goge tabarau.

"Yaya gida?"

"Lafiya lau."

"Yaya haƙurin rashi?"

Na cije leɓe, na tattaro maganar tun daga cikin cikina, na buɗe baki. "Sai godiya," na ji kaina na faɗa.

"Ku dai mutanen nan sai a hankali," in ji likita. "Mu in aka taka mana wutsiya, unguwa duka sai ta sani." Ban ga laifinta ba. Tun kafin in yi wayo ake koya mini amsar nan, kuma sabo turken wawa ne.

Sai ga ni a tasha. Wani ƙaton mutum mai ciwon ƙoda yana cusa kansa cikin motar, Saude kuma tana naɗe mayafinta a hankali, ba ta ko yi mini ƙorafi ba. Ta leƙo ta taga.

"Malam, ka rame. Kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci."

"Maganin naka fa?"

"Ina sha."

Ta yi murmushin nan da takan yi in ta kama ni da ƙarya ta kuma yafe mini. Motar ta fara tafiya da baya. Na bi ta ina ɗingishi, takalmi ɗaya ya cire, na bar shi. Sai da ta kai bakin ƙofa sannan gaskiyar ta kuɓuce mini.

"Saude, babu sauƙi! Wallahi babu sauƙi!"

Ta kara hannu a kunne tana tambaya da ido, motar ta sha kwana.

Karen Jamus ya sauko daga benci ya dafa kafaɗata. "Kai, Baba, da ka faɗi wannan ɗazu ai da a gaba za a sa ka."

"Yaushe wata za ta yi lodi?"

"Kowace mata motarta ɗaya ce," in ji shi.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni, gari ya yi haske, matashina ya jiƙe. 'Yata Ummita ta yi sallama daga bakin ƙofa, ta kawo mini koko.

"Baba, an tashi lafiya?"

Na kifa matashin don kada ta ga jiƙar.

"Lafiya lau," na ce. "Miƙo kokon."