Gurbin Kore a Ƙofar Kanti

Ranar da Injiniya Fatihu ya fara ganin fentin, sai da ya taka birki a tsakiyar filin ajiye motoci, har na bayansa ya danna masa ham. Babban kantin da suke sayayya a garin Hyattsville na ƙasar Amurka ya ware gurabu huɗu a daidai bakin ƙofa, an shafe su da kore shar, an kafa allo mai hoton ganye: na motoci masu tsimin mai ne kawai.

"Ikon Allah," in ji Fatihu. "Yanzu motoci ma an tantance su, ga salihai ga fasiƙai."

Matarsa Tayyiba ko ɗago kai daga wayarta ba ta yi ba. "Ka matsa, Abban Afnan, mutane na jira."

Motar Fatihu dai a cikin fasiƙan take. Tsohuwa ce mai kujera takwas, shekararta goma sha huɗu, tana zuƙar fetur kamar an gaya mata gobe za a daina sayarwa. Ya ja ta can ƙarshen fili ya ajiye, yana ƙunƙuni.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma akwai Dakta Haidar, yayan Tayyiba, likitan haƙori, wanda ya sayi sabuwar mota mai aiki da fetur da batir, girmanta kamar ɗakin kwana, kuma shi kaɗai yake hawa. A College Park yake zaune, garin da ke gaba da nasu. Sai ya wuce kantuna uku ya zo wannan, don kawai ya sulala cikin gurbin kore, ya fito yana gyara hula kamar wanda ya dasa daji guda da hannunsa.

"Fatihu, ka riƙa tuna jikokinka," in ji shi wata rana da suka haɗu. "Duniya ɗumama take yi."

"Ni ma ɗumama nake yi, Dakta. Ka ga inda zan kai buhun shinkafar nan?"

Fatihu mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a lissafin gadoji da magudanan ruwa, bai saba a kayar da shi da hoton ganye ba. Ranar Asabar ya zauna ya raba man da motarsa ke sha da yawan kawunan da take ɗauka, ya yi wa ta Haidar haka. Ta fito ƙarara: in motarsa ta cika, ta fi ta surukin nasa tsimi nesa ba kusa ba. Ya buga shafi uku, har da jadawali mai launi.

Lahadi bayan azahar ya kwashi kowa. Ga Tayyiba, ga babbar 'yarsu Afnan da ƙannenta biyu, ga surukarsa Hajiya Sailuba da ta zo daga Kano a duba mata gwiwa. Maƙwabcinsu Osumanu, mutumin Kumasi, zubar da shara kawai ya fito, shi ma ya tsinci kansa a kujerar baya. Mutum bakwai. Afnan ta ce da Turanci in wata 'yar ajinsu ta gan ta, ita da makarantar nan har abada.

Fatihu ya shiga gurbin kore ya kashe mota, ya fito ya jingina da ita, takardu a hammata, yana jiran wanda zai zo ya tanka masa. Minti goma ba wanda ya kula shi. Wata mata ma murmushi ta yi masa ta wuce. Da abin ya ishe shi, ya shiga ciki da kansa ya nemi manaja.

Ya samu manajan, wani gajiyayyen mutum mai suna Alexander, yana jera kwalayen ƙwai. Fatihu ya gabatar da kansa, ya ce ya ajiye mota a gurbin kore, kuma a shirye yake ya kare kansa a gaban kowa.

"To, madalla," in ji Alexander. "A yi sayayya lafiya."

"Ba ka gane ba. Motata ba ta cikin waɗanda allonku ya ce."

"Ai ba mai dubawa, malam. Masu ginin ne suka sa aka shafa, don a ba su takardar yabo ta kare muhalli. Tana can rataye kusa da banɗaki. Makon jiya wata motar kwasar kaya wuni ta yi a wurin."

"Ba tara? Ba a jan mota?"

"Babu. Roƙo ne kawai."

Fatihu ya dubi takardun da ke hannunsa. Wata biyu yana saɓa buhu daga ƙarshen duniya saboda roƙo! Ya ce ko shafin farko ne manajan ya karanta. Alexander ya karɓa da ladabi, ya goge wani ƙwai da ya fashe da shi, sannan ya ba da haƙuri.

Da ya fito, sai ya tarar da Hajiya ta buɗe ƙofar mota tana shan iska, idonta a kan wata ƙatuwar mota mai sheƙi da ke kewaya fili. Ɗanta Haidar ne. Gurabun huɗu sun cika, ga wurare birjik a tsakiya, amma ya ƙi su. A zagaye na biyar Hajiya ta ɗaga masa hannu ya tsaya.

"Haidar, ɗawafi kake yi?"

Ya sauke gilashi ya gaishe ta. "Hajiya, gurbina aka tare."

"Gurbinka? A gadon wa ka same shi?"

Tayyiba ta yi mata bayanin allon. Hajiya ta gyaɗa kai. "Wato kana ta ƙona mai ne don ka samu wurin waɗanda ba sa ƙona mai. Lallai karatun likita bai tafi a banza ba."

Osumanu ya leƙo daga baya. "Mma, ni shekara tara bas nake hawa. Tashar tana can tsallaken titi, ko inuwa babu. Ba wanda ya shafa min fenti."

Fatihu ya fara dariya, amma ba ta yi nisa ba. Hajiya ba ta dube shi ba, saboda kunyar suruki. 'Yarta ta fuskanta. "Tayyiba, ki gaya wa mai gidanki, in ya sake loda ni a mota don ya ci gardama, jirgin gobe zan bi. Su tashi daga nan su duka biyun."

Haka suka jera motocinsu a can baya, gefe da gefe, ba mai kallon wani.

Kafin bazara ta ƙare masu ginin suka shafe koren da shuɗi. Gurabun suka koma na masu yin oda ta waya, su zo su zauna a mota injin na ruri, sanyi na kaɗa su, har ma'aikaciya ta turo musu kaya. Haidar ya ce wannan zalunci ne, ya koma kantin unguwarsu. Tayyiba kuwa ta koyi yin odar a rana ɗaya, yanzu duk Lahadi tsohuwar motar tana bakin ƙofa da cikakken izini. Fatihu yana raka ta, amma da sun tsaya sai ya miƙa hannu ya kashe injin, ya ce shi ba zai shiga sahun masu ɓata duniya ba. Haka suke zama suna gumi har kayan su iso, Tayyiba na fifita da rasit ɗin makon jiya tana harararsa.